Ciwon Daji a Cikin Dangi: Abin da Ake Gada da Abin da Ba A Gada

Kafin a fara, kowa ya tanadi fensir da faffaɗar takarda, domin a ƙarshen wannan babi za mu zana danginmu. A karanta a hankali. Inda aka ci karo da lamba, a tsaya a faɗe ta da baki.

Akwai gidan da ciwon daji ya shiga sau ɗaya bai ƙara komowa ba. Akwai kuma gidan da ya ɗauki kaka, ya ɗauki 'yarta, sannan ya bayyana a jikin jikarta tun ba ta cika shekara 40 ba. Mutanen irin wannan gida sukan kwana da tambaya a zuci, wadda ba kowa suke iya furta wa ba: ko ni ne na gaba?

Ba a gadon ciwon daji shi kansa. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa da shi, kuma ko wannan ba a kowane gida ba. Cikin mutum 100 da suka kamu da ciwon daji, kamar 5 zuwa 10 ne kawai nasu ya samo asali daga gado. Sauran, tsufa ne, ko taba, ko giya, ko wasu ƙwayoyin cuta, ko kuskuren da jiki ke yi da kansa ba tare da laifin kowa ba. Amma waɗannan 5 zuwa 10 ɗin sun cancanci babi guda, saboda su ne ake iya ganewa tun ciwon bai zo ba.

Inda gadon yake zaune

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Za mu kira su ƙwayoyin jiki. A tsakiyar kusan kowace ɗaya akwai wasu zare-zare guda 46 da ake kira kiromosom. Guda 23 daga uwa suka zo, guda 23 daga uba. A jikin zaren nan ne ake samun ƙwayoyin gado, kimanin 20,000, kowace da aikinta: wata ta shafi launin fata, wata rukunin jini, wata girman ƙashi. Masana suna rubuta abin da ke cikinsu da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Idan harafi ya sauya, ko ya ɓace, ko ya ƙaru, an sami canji ke nan. Kowannenmu yana ɗauke da canje-canje masu yawan gaske, kuma mafi yawansu ba sa cutar da komai. Su ne ma suka sa ba mu yi kama ɗaya ba. Kaɗan ne daga ciki ke hana ƙwayar gado yin aikinta.

A riƙe wannan da kyau, domin duk darasin a kansa ya tsaya: kusan kowace ƙwayar gado biyu muke da ita, ɗaya ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba.

Ƙwayoyin jiki kullum cikin rabuwa suke, tsofaffi na mutuwa, sababbi na maye gurbinsu. Ciwon daji yana farawa ne idan wata ƙwaya ta ƙi tsayawa, ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari, ta fara kutsawa cikin naman da ke kewaye da ita. Don hana haka, akwai ƙwayoyin gadon da aikinsu tsaro ne. Wasu suna gyara ɓarnar da ta sami zaren gado, wasu suna tsayar da rabuwa idan ta wuce kima.

Ku ɗauka keke ne mai birki biyu. Yawancin mutane an haife su da birkin duka biyun lafiya. Kafin wata ƙwaya a jikinsu ta ƙwace, sai birki na farko ya lalace, sannan na biyu ma ya lalace a cikin wannan ƙwaya ɗaya, abin da kan ɗauki shekaru masu yawa, sau da yawa ma ba ya faruwa har ƙarshen rai. Wanda ya gaji canji mai illa kuwa, da birki ɗaya aka haife shi a duk ƙwayoyin jikinsa. Keke mai birki ɗaya yana tafiya lafiya lau, shi ya sa mutumin ba ya jin komai, ba a kuma ganin komai a jikinsa. Sai dai ɓarna ɗaya ta rage masa maimakon biyu.

Wani likita ɗan Amurka, Alfred Knudson, shi ya fito da wannan bayani a 1971, bayan ya yi nazarin yara 48 masu ciwon dajin ido. Ya lura cewa yaran da suka gaji matsalar suna kamuwa tun suna ƙanana sosai, kuma sau da yawa a ido biyu. Waɗanda ba su gada ba sukan kamu daga baya, a ido ɗaya. Wannan ciwo, retinobilastoma, yawanci yara 'yan ƙasa da shekara 5 yake kamawa, kuma kimanin 40 cikin 100 na masu shi suna ɗauke da canjin a duk jikinsu. Alamarsa ta farko ita ce farin haske a tsakiyar baƙin idon yaro, wani lokaci a hoton da aka ɗauka da walƙiyar kyamara ake fara ganinsa. Duk wanda ya ga haka kada ya jira wata ya zagayo. A kai yaron wurin likitan ido cikin 'yan kwanaki, domin idan aka kama shi da wuri yara da yawa suna warkewa.

Rabi da rabi

Da yawa mun san yadda ake gadon sikila: sai yaro ya karɓa daga uwa, ya karɓa daga uba, sannan cutar ke bayyana. A nan ba haka ba ne. A mafi yawan irin wannan gado, ɓangare ɗaya ya isa. Idan uwa ko uba na ɗauke da canjin, kowane ɗa ko 'ya da aka haifa yana tsakanin biyu: rabi ya gada, rabi bai gada ba, wato 50 cikin 100.

Wannan lissafi sabo ne a kowace haihuwa. Ba wai idan na fari ya gada, na biyu ya tsira ba. Cikin 'ya'ya huɗu, biyu na iya gada, ko ɗaya, ko dukkansu, ko babu ko ɗaya. Wanda bai gada ba kuma ba shi da abin da zai miƙa wa nasa 'ya'yan. A wurinsa zancen ya ƙare.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa ciwon dajin nono ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Uba ma yana miƙa shi daidai da yadda uwa ke yi. Namiji na iya ɗauke da canjin duk rayuwarsa bai yi ciwo ba, ya miƙa wa 'yarsa, sai a ga kamar abin ya tsallake zuriya guda. Bai tsallake ba, ta jikin uban ya bi. Abin takaici ne a ga ana nuna wa mace yatsa ana cewa ita ta kawo cuta cikin zuriya. Babu wanda ya zaɓi abin da ya karɓa daga iyayensa, babu kuma wanda ya zaɓi abin da ya ba 'ya'yansa.

Waɗanda aka fi sani

Tun a 1866 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya rubuta yadda ciwon dajin nono ya riƙa bin matan dangin matarsa, zuriya bayan zuriya. An fi shekara 100 ba a gano dalili ba. A 1990 wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta nuna cewa asalin abin yana kan kiromosom na 17. A 1994 aka ware ƙwayar gadon kanta, BRCA1. A 1995 aka gano ta biyu, BRCA2, a kan kiromosom na 13. Kowa yana da su, mace da namiji, kuma aikinsu gyaran zaren gado ne idan ya tsinke. Matsala tana zuwa ne idan an gaji wadda ba ta aiki. Kimanin mutum 1 cikin 400 ke ɗauke da irin wannan canji, amma a wasu al'ummu ya fi yawa. A cikin Yahudawan Ashkenazi ya kai 1 cikin 40.

Ga lambobin. A Amurka, inda aka daɗe ana ƙidaya, mata kamar 13 cikin 100 ne ke kamuwa da ciwon dajin nono a tsawon rayuwarsu. A cikin masu ɗauke da canjin BRCA1 ko BRCA2, adadin yana tsakanin 45 da kusan 70 cikin 100. Ciwon dajin ma'ajiyar ƙwan haihuwa kuwa, a tsakanin sauran mata bai kai 2 cikin 100 ba, amma ga mai canjin BRCA1 yana kai kimanin 40 cikin 100, ga mai BRCA2 kimanin 15. Lambobi ne masu nauyi. Duk da haka ku sake dubawa: ko ɗaya bai kai 100 ba. Akwai matan da ke ɗauke da canjin har tsufa ba su kamu ba.

Maza ma abin ya shafe su, musamman BRCA2. Yana ƙara haɗarin ciwon dajin furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da na fankiriyas, gaɓar da ke yin sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, har da ciwon dajin nono, domin namiji ma yana da ɗan naman nono.

Na biyu shi ne larurar Lynch. A 1895 wata mata mai yi wa likita Aldred Warthin ɗinki a jihar Michigan ta gaya masa cewa ta san ciwon daji ne zai yi ajalinta, kamar yadda ya yi na 'yan'uwanta da yawa. Bai yi watsi da maganarta ba. Ya bi diddigin dangin, ya rubuta wa ya kamu, da wane iri, ya wallafa a 1913. Ita kuwa ciwon dajin mahaifa ne ya yi ajalinta. Daga baya, a 1966, likita Henry Lynch ya bayyana wasu dangogi masu irin wannan hali, shi ya sa larurar ke ɗauke da sunansa. A yau an san kimanin mutum 1 cikin 300 na da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Tana ƙara haɗarin ciwon dajin babban hanji da na cikin mahaifa, sau da yawa kafin shekara 50. Abin lura shi ne Warthin ba shi da gwajin jinin da zai nuna masa gadon. Tambaya ya yi, ya rubuta amsa.

Akwai wasu da ba su kai waɗannan yawa ba. A wani iri, ɗaruruwan ƙananan tsiro ke fitowa a babban hanji tun mutum yana saurayi ko budurwa, kuma idan ba a yi aiki ba kusan tabbas ne ɗayansu zai zama ciwon daji. A larurar Li-Fraumeni, wadda aka bayyana a 1969, ciwon daji iri-iri ne ke kama yara da matasan gida ɗaya.

Ba duk abin da ya taru a gida ɗaya ne gado ba

'Yan gida ɗaya suna shaƙar hayaƙi ɗaya, suna kamuwa da cututtuka iri ɗaya. Ciwon hanta nau'in B yana wucewa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, kuma yana iya jawo ciwon dajin hanta ga 'yan'uwa da dama idan sun girma. Wannan ƙwayar cuta ce, kuma tana da allurar rigakafi. Ciwon dajin bakin mahaifa ma kusan dukkansa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo shi, ita ma tana da rigakafi. Haka kuma, babban dangi mai tsofaffi da yawa ba zai rasa mutum ɗaya ko biyu da suka kamu bayan shekara 70 ba, wannan kuwa ba alamar gado ba ce.

Abin da ke sa likita ya ɗaga kai shi ne irin waɗannan:

- ciwon dajin nono ko na babban hanji kafin shekara 50;
- mutum biyu, uku ko fiye a ɓangare ɗaya na dangi masu iri ɗaya, ko iri masu tafiya tare, kamar nono da ma'ajiyar ƙwai, ko hanji da mahaifa;
- mutum ɗaya da ya kamu sau biyu daban-daban, ko a nono biyu;
- ciwon dajin ma'ajiyar ƙwai ko na fankiriyas, ko a wace shekara;
- namijin da ya kamu da ciwon dajin nono.

Yadda ake tambayar manya

Wannan ne wuri mafi wuya, domin tambayar tana tada tsohon miki. A zaɓi lokacin da babu jama'a, a faɗi dalili tun farko. Ga misali, mutum biyu su karanta da murya:

"Gwaggo, ina da tambaya, in ba za ki damu ba. Kakarmu da ta haife ku, wace irin cuta ce ta yi ajalinta?"

"Allah ya ji ƙanta. Me ya tuno miki da wannan, 'yar nan?"

"Likita ce ta ce in bincika, don a san ko akwai abin da ya kamata a duba mana da wuri."

"To. Wani ƙullutu ne ya fito mata a nono, ta ɓoye shi har ya fashe."

"Tana da shekara nawa a lokacin, Gwaggo?"

"Ban riƙe shekara ba. Amma ba ta daɗe da yaye autanta ba."

Amsar ƙarshe ta wadatar. Macen da ba ta daɗe da yaye ba, da wuya ta kai 50. Idan ba a san shekara ba, a tambayi abin da ke faruwa a lokacin. Idan ba a san sunan cutar ba, a tambayi inda ta fara: nono, ciki, hanji, maƙogwaro. Inda ta fara ake so, ba inda ta bazu daga baya ba. Abin da ba a sani ba a rubuta "ba a sani ba", kada a cike gurbin da zato.

Gwaji

Ana yin gwajin da jini ko da yawu. An fi so a fara da wanda ya riga ya kamu a cikin dangin, in yana raye, domin idan aka gano ainihin canjin a jikinsa, sai a nemi wannan canjin kaɗai a jikin sauran. Kafin gwaji da bayansa, ya kamata a zauna da likita ko mai ba da shawara kan cututtukan gado, saboda sakamakon ba na mutum ɗaya ba ne. Ya shafi 'yan'uwa da 'ya'ya.

Sakamako iri uku ne. Ko a ce an sami canji mai illa. Ko a ce ba a samu ba. In an riga an san canjin da ke cikin dangin, wannan na nufin haɗarin mutum ya koma kamar na kowa, ba wai ya zama sifili ba. In kuwa ba a taɓa gano canji a dangin ba, likita zai ci gaba da la'akari da tarihin gidan. Na uku shi ne a ga canjin da masana ba su tantance ko yana da illa ba. A kan irin wannan ba a yin tiyata, kuma da yawansu daga baya ana gano ba su da illa.

Yawanci ba a yi wa yara gwajin BRCA ko na Lynch, tunda haɗarin sai an girma yake farawa, kuma haƙƙinsu ne su yanke shawara da kansu. Inda ciwon ke zuwa tun ƙuruciya, kamar na ido ko na tsiron hanji, ana gwada yara. Baligi kuma yana da ikon ya ce ba ya so ya sani. Kada a tilasta masa, amma a tabbata labarin ya kai gare shi.

Idan an samu, sai me?

Amfanin sani shi ne a fara dubawa kafin lokacin da ake fara wa sauran mutane. Mace mai canjin BRCA akan fara yi mata hoton nono da na'urar MRI, mai nuna cikin jiki, duk shekara daga shekara 25, a ƙara da mamogiram, wato hoton nono na X-ray, daga 30. Wasu suna shan magani irin tamoksifen don rage haɗari. Wasu suna zaɓar a cire naman nonon tun yana lafiya, abin da ke rage haɗarin da kashi 90 cikin 100 ko fiye. Ma'ajiyar ƙwai ta fi wuyar sha'ani, domin babu gwajin da ake dogara da shi wajen kama ciwonta da wuri. Shi ya sa likitoci kan ba da shawarar a cire ta tare da bututunta bayan mace ta gama haihuwa: tsakanin shekara 35 da 40 ga mai BRCA1, tsakanin 40 da 45 ga mai BRCA2. Shawara ce mai nauyi, tana kawo ɗaukewar al'ada da wuri, kuma mai jikin ce ke yanke ta.

Mai larurar Lynch ana leƙa babban hanjinsa da siririn bututu mai kyamara duk shekara 1 ko 2, sau da yawa daga shekara 20 zuwa 25. Idan aka ga tsiro, nan take ake cire shi tun bai rikiɗe ba. Bincike ya nuna asfirin ma yana rage musu haɗarin, amma kada kowa ya fara sha sai likita ya auna, domin yana iya jawo zubar jini a ciki. Ko wanda ya riga ya kamu yana amfana da sani: tun 2014 ake amfani da maganin olaparib, wanda ya fi aiki a kan ciwon dajin masu canjin BRCA.

Inda babu halin gwaji, takardar dangi ita kaɗai tana iya sa likita ya fara duba mutum da wuri. Kuma da gwaji ko babu, ba a zama da ƙullutu a nono, ko jini a bayan gida, ko zubar jini bayan ɗaukewar al'ada, ko kumburin cikin da ya ƙi tafiya, ko ramar da ba a san dalilinta ba.

Aiki

1. Zana danginka. Da'ira ga mace, murabba'i ga namiji. Sa kanka a tsakiya tare da waɗanda kuke uwa ɗaya ko uba ɗaya, 'ya'yanka a ƙasa, iyaye a sama, kakanni huɗu a can sama. Dangin uwa a hagu, dangin uba a dama.
2. Cike da fensir alamar duk wanda ya yi ciwon daji. A gefe rubuta inda ya fara da shekarunsa a lokacin. Takardar taka ce, ba dole ka nuna wa aji ba.
3. Uba yana ɗauke da canjin BRCA2, yana da 'ya'ya 6. Na farko da ta biyu sun gada. Nawa cikin 100 ne yiwuwar ta uku ta gada?
4. Rubuta jimla biyu da za ka buɗe magana da su idan za ka tambayi wani babba a dangin mahaifinka.